Tukunyar da Ba Ta Sha Ruwa Ba

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wasu ɗalibai uku na unguwar Hayyin Ashir, a nan Alƙahira, suka biyo ni warsha, wato shagon aikina, don su ga abin da ake ba su labari. Na yaye buhun da na rufe kan jirgin da shi, suka zagaye shi suna ta ɗaukar hoto da waya. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo ɗan Azare, ya ɗora ƙafa a kan wani ƙunshi da ke ƙarƙashin teburi, ya ce, "Kawu, ashe dai kayan wasan yara kake yi duk shekarun nan? Wallahi in na samu kayan aiki, hutu ɗaya ya ishe ni in haɗa irinsa." Suka yi dariya, na taya su. Ban ji haushi ba, don ni ma da irin bakin nan na shigo sana'ar. Amma tun da suka tafi maganar take cina, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da kuke ganin fenti kuna zaton shi ne aikin.

Abin da nake ƙerawa kan jirgin ƙasa ne irin na da, mai cin kwal, sai dai ƙarami. Tsawonsa bai fi kamu uku ba, amma ƙatti biyu ba sa ɗaga shi sai da nishi. Babu batir a cikinsa, babu fetur. Wuta ake hura masa ta gaske, ruwa ya tafasa a tukunya, tururi ya tura fistin, fistin ya juya ƙafafu, har ya ja babban mutum zaune a kan ɗan keke a bayansa. Tukunyar ta jan ƙarfe ce, kaurinta kamar cinyar mutum, kuma direba yana zama ne da hannunsa da gwiwoyinsa dab da bayanta. A bayan nan ne maƙerin ke buga tambarinsa, wanda ma'anarsa ita ce: ni wane na gwada tukunyar nan, zauna a bayanta ba fargaba. Labarin da zan ba ku na tambarin maigidana ne da hannunsa na dama, da yadda na ɓata su duka biyun da magana ɗaya.

Karatu ne ya kawo ni Alƙahira, kamar ku. Ɗan gidan maƙera ne ni daga Gusau, mahaifina ya so a samu malami ko da ɗaya ne a gidan da kowa ke bugun ƙarfe. Fiƙihu ya karɓe ni hannu bibbiyu, nahawu ya ce bai san zancen ba. Na faɗi sau biyu, tallafi ya yanke, kunya ta hana ni komawa gida. Ina gararamba a lungunan Ainu Shams ina neman ko aikin dako ne, sai na ji ƙarar magagari daga wani shago, irin ƙarar da ke gaya wa ɗan maƙera cewa mai riƙe da shi ya san hannunsa. Na leƙa na ga wani gajeren dattijo mai sanƙo, da sigari maƙale a bayan kunne. Shi ne Usta Hilmi. Usta a bakin Misrawa shi ne gwanin sana'a, maigidan warsha. Ya yi rayuwarsa a gyaran manyan jiragen ƙasa, da ya yi ritaya sai ya koma ƙera ƙanana. Sigarin nan ba ya kunna shi, likita ya hana shi saboda ciwon suga, shinshinawa kawai yake yi ya mayar. Da ya ji daga inda na faɗo sai ya raɗa mini suna Shehi, kuma har ya bar duniya bai kira ni Haruna ba.

Aikin farko da ya ba ni guntun ƙarfe ne kamar sabulun wanki. Ya ce in goge fuskokinsa shida da magagari, kowace ta kwanta sumul, kowace kusurwa ta miƙe. Na yi murmushi a raina, ni da aka yanke wa cibiya a gindin zugazugi. Kafin la'asar na miƙa masa. Ya shafa wata shuɗiyar tawada a kan farantin ƙarfe, ya goga aikina a kai, ya juyo mini shi. Wuri uku kacal tawadar ta taɓa, sauran duk kwari ne. Ya jefa shi a kwandon shara, ya miƙo wani. Wata uku ina goge sabulun ƙarfe. A gida da ido muke auna fartanya, in ta ɗan karkace ƙasa ba ta kai ƙara. A nan kuwa ratar da ke tsakanin fistin da gidansa ba ta kai kaurin gashin kai ba, in ta wuce haka tururi ya tsere, in ta gaza ya cije. Ɗan Azare, hutun naka a kan sabulun nan zai ƙare.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma duk sun girme ni. Akwai mahrata, injin da ke juya ƙarfe kana sassaƙa shi, da bel ɗinta da ya sha faci. Akwai magagarai rataye a bango, kowanne da ƙusarsa. Akwai wutar gas, da sandunan azurfa da ake like gaɓoɓin tukunya da su, waɗanda Usta ke ajiyewa a aljihun tebur mai makulli. Sai wani ɗan famfon hannu da ke rataye a bayan ƙofa, da agogonsa mai allura ɗaya. Duk warshar babu abin da ya kai shi muni. A cikinsa akwai wata 'yar fata kamar murfin kwalba. Duk ranar da za a yi aiki da shi sai an kwance shi an jiƙa fatar da mai, kuma takan yi watanni da laushi kafin ta sake ƙandarewa.

Aikin famfon shi ne shayar da tukunya. In an gama like ta, tun tana tsirara, ba riga ba fenti, sai a toshe duk ƙofofinta, a cika ta taf da ruwan sanyi, a yi ta dannawa da famfo har allura ta kai ninki biyu na ƙarfin da za ta ɗauka in an hura wuta. Sai a bar ta haka tsawon shan shayi kofi ɗaya, ana bin kowace gaɓa da busasshiyar takarda. Hikimar ita ce ruwan sanyi ba ya fashewa, in akwai rauni ɗigo kawai za ka gani. Tururi kuwa ba ya ɗigo, tsalle yake yi. Usta ba ya cewa an gwada tukunya. Tambayarsa kalma ɗaya ce, "Shirbit?", wato ta sha? In ta sha, sai ya ɗauko ɗan ƙarfen tambarinsa ya buga. Tun da ya fara, tukunya mai sunansa ba ta taɓa tsarta wa kowa ko ɗigo ba, kuma da wannan sunan muke ci.

Masu sayen kayanmu ba su da yawa, amma in sun kamu sun kamu. Turawan kamfanonin mai ne, da 'yan tsofaffi masu hali da ke kewar ƙuruciya. Akwai wani likitan haƙori da ya sa muka ƙera masa irin jirgin da ke kai su Iskandariyya yana yaro, ya shimfiɗa masa dogo a saman bene. Duk Juma'a sai ya sa hular direba ya yi ta zagaye tsakanin igiyoyin shanya, matarsa na yi masa faɗa daga taga. Shekara ɗaya jirgi ɗaya muke yi, tsakani kuma gyare-gyare.

Sai shekarar 2011 ta zo, gari ya hargitse. Turawa suka kwashe iyalansu, wanda muke tsakiyar yi wa aiki ya tafi ko sallama babu, ya bar mana ƙafafu da ƙashin jirgi ba tukunya. Kasuwar ƙarfe ta Sabtiyya yau a buɗe gobe a rufe. Abin da mutane ke nema a lokacin ƙyauren ƙarfe ne da sandunan taga, kowa na tsoron ɓarayi. Haka mutumin da ke auna kaurin gashi ya koma waldar ƙyaure, yana yi yana tsaki. A cikin wannan hali ne Malam Bitrus ya shigo mana, wani mutumin Kafanchan mai aiki a ofishin jakadanci. Ya zaro tsohon hoto daga ambulan: marigayi mahaifinsa, direban jirgin kwal, tsaye a gefen kan jirginsa da tsumma a hannu. Ya ce mini da Hausa, "Malam Haruna, 'ya'yana ba su san kakansu ba, ba su taɓa jin warin kwal ba. Ina so in koma gida da wannan kafin wa'adin aikina ya cika." Da na fassara wa Usta, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya cire sigarin ya shinshina. "Yalla, mu fara," ya ce. "Na gaji da ƙyaure."

Yi wa jirgi ado shi ne ɓangarena, kuma ta nan shaiɗan ya same ni. Da gilashin ƙara girma na bi hoton nan, na buga kawunan ƙusoshin da ke jikin tankin ruwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne kamar ƙwayar gero. Na ƙera fitilar gaba da gilashinta, da matakalar da direba ke takawa. Har wata lotsawa da ke gefen rumfar direba na kwaikwaya, da Malam Bitrus ya gan ta ya ce ya tuna ta, wai bijimi ne ya kai mata karo a tasha. Usur ɗin tagulla kuwa sau huɗu ina sake shi, ina hura masa iska, Malam Bitrus yana saurare yana girgiza kai. Sai a na biyar ya dafe ƙirji ya ce, "Shi ne." Duk wanda ya shigo warsha aikina yake yabawa, babu mai leƙa cikin tukunya ya ce sannu. Kaina ya fara girma.

Farkon 2013 aka yi wa Usta aikin yanar ido, ya tafi jinya gidan 'yarsa a unguwar Shubra. Kafin ya tafi ya gama manyan gaɓoɓin tukunyar da hannunsa, saura zobban tagulla biyar da ake likewa a bayanta, inda ake ɗaura bawul-bawul da ɗan gilashin da ke nuna yawan ruwa. Ya ba ni makullin aljihun tebur. Shekara goma sha biyu ina tare da shi, ranar ce farko da ya bar ni da azurfa da tukunya ni kaɗai. Na buɗe na tarar saura guntuwar sanda ɗaya. Zobe huɗu suka karɓi azurfa lafiya lau. A na biyar, na can ƙasa wanda gindin gilashin ruwa ke zama a kai, ta zagaya rabi ta ƙare. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in kashe wuta, in jira a buɗe hanyar Sabtiyya da masu zanga-zanga suka tare, in sayo sanda, in wanke wurin, in sake gasa shi daga farko. Amma Malam Bitrus zai zo gani ƙarshen mako, ni kuwa ina so ya tarar da jirgi da riga da fenti. Na ɗauko dalma, irin wadda ake like bokiti da ita, na cike ratar. Na bi da magagari da samfefa har ta yi ƙyalli, ido ba zai raba ta da azurfa ba.

Ba zan ce jahilci ba ne. Na san dalma tana laushi in zafin tururi ya kai mata. Na kuma san in ta taɓa jan ƙarfe azurfa ba ta ƙara kama wurin, wato na kashe tukunyar da Usta ya yi wata biyar a kanta. Tsoron kada famfo ya tona ni ya sa ban sauko da shi daga bayan ƙofa ba. Na naɗe tukunyar da rigarta, na fesa baƙin fenti, na ja siririn jan layi a gefe. Na ce a raina ai rabin zoben azurfa ne, zai riƙe. Ban taɓa yin fenti mai kyan wannan ba.

Usta ya dawo da baƙin tabarau, ido ɗaya rufe da auduga, ɗayan kuma hazo-hazo. Da yatsu ya duba jirgin. Ya bi kawunan ƙusoshin, ya taɓa fitila, ya sa ɗan yatsa a lotsawar nan ya yi dariya. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba: "Allah ya haskaka maka, ya Shehi. Ka zama usta." Ina cikin jin daɗin wannan ya dafa bayan tukunyar ya ce, "Shirbit?"

Da safen nan na ɗura mata ruwa da buta don in wanke cikinta. A ajin fiƙihu kuwa an koya mana wani abu wai shi tauriyya, ku ɗalibai kun fi ni saninsa. Mutum ya faɗi magana mai fuska biyu, shi yana nufin ɗaya, mai sauraro ya ɗauki ɗayar, shi ke nan ya tsira daga ƙarya. Malamai sun yi sharaɗi cewa ba a yin ta don a cuci wani, wannan sharaɗin ne na tsallake. Nahawu ya kayar da ni, amma wannan babin ranar ya zo mini a kan harshe ba gargada.

"Ta sha, ya Usta," na ce.

A ƙa'idarsa sai ya ga allura da idonsa. Amma idon ba ya nan, kuma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Tamam, shi ke nan. Shehi ba ya ƙarya." Ya laluba aljihu ya ɗauko ƙarfen tambari, ya ɗora shi dab da zoben nan, ya sauke guduma sau ɗaya.

Ranar gwaji Asabar ce da hantsi, a lambun gidan Malam Bitrus a unguwar Ma'adi. Muka shimfiɗa dogo a zagaye a kan ciyawa. Usta ya kunna gawayi da kananzir, ya bi da kwal da ɗan cokali. Da hayaƙin ya tashi Malam Bitrus ya juya baya yana share ido, ya ce wa matarsa warin rigar Baba ke nan. 'Ya'yansa mata biyu suna ta tsalle, kowace na cewa ita za ta fara hawa. Al'adar sana'ar ita ce mai tambari shi ke fara zama. Na ce, "Ya Usta, bari ni in hau, idonka." Ya ce, "Sunan wa ke kai?" Nan Allah ya ba ni dama ta biyu in ce ba ta sha ba. Na bar ta ta wuce, na tsaya ina kallon allurar agogon tururi tana hawa.

Usta ya hau, ya yi zagaye biyu, usur na tashi, maƙwabta na leƙe ta baranda. A na uku ya tsaya daidai inda yaran suke, ƙaramar ta matso ta dafa kafaɗarsa tana jira a ɗora ta. Ya miƙa hannun dama zai murɗa ɗan makunnin da ke gindin gilashin ruwa, kamar yadda kowane direba ke yi kafin ya ɗauki fasinja. Ji na yi kamar an yage sabon yadi. Zoben ya ɓalle ta gefen dalma, tafasasshen ruwa da tururi suka feso waje. Da wani ne da janye hannu zai yi. Shi sai ya danna tafinsa a wurin, ya ture yarinyar da hannun hagu, yana ihu a zubar da wuta. Na zare ƙarfen da ke riƙe da murhu, garwashi ya zube a ciyawa. Yarinyar ko ɗigo bai taɓa ta ba. Hannun Usta kuwa ba zan kwatanta muku shi ba.

Muna sa shi a mota yana ba Malam Bitrus haƙuri da bakin Misrawa, yana cewa, "Ma'alish, ya basha, ma'alish. Laifina ne, sunana ne a kai." Malam Bitrus ya ja ni gefe ya ce, "Malam Haruna, tsakaninka da Allah, me ya faru?" Na dubi ƙasa na ce, "Ƙaddara ce, yallaɓai." Duk abin da na aikata a sana'ar nan, babu wanda nake jin kunyarsa kamar wannan amsar.

Mai ciwon suga ba ya warkewa da wuri. Usta ya yi makonni a asibiti, ya fito da yatsu uku a lanƙwashe kamar ƙugiya, ba sa miƙewa ba sa damƙa. Magagari ya ƙare masa, mahrata ta ƙare masa. Labari kuwa ya riga shi fitowa: tukunyar Usta Hilmi ta fashe a gaban yara, tsoho ya makance bai sani ba. Matar Malam Bitrus ta ce abin nan ba zai shiga gidanta ba, ban kuma ga laifinta ba. Shi da wa'adin aikinsa ya cika ya koma gida, ya bar mana hoton, ya ce in Allah ya sa an gyara a neme shi. Wanda ya fi ƙona ni likitan haƙorin nan ne. Bayan wata guda ya kawo jirginsa a mota, ya wuce Usta da ke zaune a bakin ƙofa ko gaisuwar kirki babu, ya raɗa mini, "Kai nake so ka duba mini, kai ne mai ido." Na shayar da tukunyar a gabansa, shekara tara da ƙerawa, allura ko motsi ba ta yi ba. Ya gode mini, ni, ya tafi. Usta yana jin komai, yana kurɓar shayinsa marar sukari.

Shekara biyu muka yi haka. Kullum da safe ya hau jirgin metro ya zo ya zauna a kujerarsa, ina waldar ƙyaure yana gyara mini da baki. Bai taɓa tambayata yadda aka yi ba. Ni kuma na koma yi masa hidimar da ta wuce misali, ɗaukar jaka, sayo magani, har ya ce, "Ya Shehi, hannu na rasa, ba ƙafa ba." Na yi istigfari ba adadi, amma ni da na yi fiƙihu na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da jan carbi sai mai shi ya yafe. Sau da yawa nakan shirya maganar a hanya, in na iso na ga hannun a kan gwiwarsa sai ta koma ciki. Wata rana ya nuna hoton mahaifin Malam Bitrus da ke manne a bango ya ce, "Mutumin nan ya ishe ni da kallo. Sayo jan ƙarfe. Sabuwar tukunya, daga farko, kuma kai za ka yi."

Na yi ta a hankali, tsakanin aikin ƙyaure da ɗaukewar lantarki, yana zaune yana sauraren ƙarar gas yana cewa ƙara, rage, yanzu sa azurfa. A 2015 ta kammala, tsirara, dabbare-dabbare da tabon wuta, ba wanda zai so ɗaukarta hoto. Na sauko da famfo, na jiƙa fata, na toshe ƙofofi, na danna har allura ta kai ninki biyu. Muka sha shayi. Na bi gaɓoɓi da takarda, na miƙa masa ita a bushe. Ya matso da idon da ya warke dab da agogo ya gani da kansa. Duk da haka ya juyo ya ce, "Shirbit?"

Na durƙusa a gabansa kamar yadda muke durƙusa wa iyaye a gida, abin da Misrawa ba sa yi, na ce, "Wannan ta sha, ya Usta. Waccan ba ta sha ba. Da buta na zuba mata. Dalma na sa a zoben." Na faɗa masa komai, har amsar da na ba Malam Bitrus.

Ya cire sigarin ya shinshina, ya mayar. "Na sani," ya ce. "Ranar da na fito daga asibiti, ka tafi sallah, na kwance famfo da hannun hagu. Fatar a bushe take kamar burodin shekaranjiya."

"Shekara biyu ka sani? Ka bar mutane suna cewa ka makance?"

"Kai da ka ƙi komawa garinku don ka faɗi jarrabawa? In na ce maka na sani, washegari ba zan gan ka ba, ni kuwa hannu nake buƙata. Kuma ban yi ƙarya ba da na ce laifina ne. Famfo ya kamata in tambaya, na tambayi baki. Tashi, ya Shehi, ƙasa da datti."

Na ce, "Ka yafe mini?"

Ya zaro ƙarfen tambari ya ɗora a bayan sabuwar tukunyar. Ɗan ƙarfe ne kamar guntun fensir, mai riƙe shi yatsunsa na dab da inda guduma ke sauka, kuma hannu ɗaya ba ya riƙewa ya kuma buga. Ya saƙala shi tsakanin yatsun nan uku da na lanƙwasa masa, ya turo mini gudumar da hannun hagu.

"Buga," ya ce. "Sau ɗaya. Kada ka tausaya, in ka yi sanyi sunan ba zai fito ba."

Sau biyu hannuna yana ɗaga gudumar yana mayarwa ban buga ba. Nasa ko motsi bai yi ba. A karo na uku na ɗaga na buga. Ya janye ƙarfen, ya shafa wurin da babban yatsa, sunan ya fito raɗau.

Jirgin yana Kafanchan yanzu. Kafin a aika shi na kira Malam Bitrus na janye maganar ƙaddara, na kuma taka har asibitin likitan haƙori na gaya masa wane ne makahon a cikinmu. Usta ya rasu bayan nan, kalmar yafiya ba ta taɓa fita daga bakinsa ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Ƙunshin da ka ɗora wa ƙafa ranar Juma'a, ɗan Azare, tsohuwar tukunyar ce. Fentina yana nan yana ƙyalli, ba inda ya ɓare. Sunansa ma yana nan, dab da ramin. Buhu ɗaya na yaye muku ranar nan, na ƙunshin nan kuwa hannuna ya kasa yayewa.